Mita mai wayo da farashin wutar dare: yadda za ka san ko zai biya ka kafin ka shiga

Ranar da aka cire tsohuwar mitarmu aka ɗaura mai wayo, na sa rai kuɗin wuta zai sauka da kansa. Wata ya ƙare, takardar kuɗi ta zo, ko ƙwandala ba ta ragu ba. Sai daga baya na gane cewa mita ma'auni ce kawai. Tsohuwa tana ƙirga yawan wutar da ka sha, mai wayo kuma tana ƙirga yawan, tana kuma rubuta ƙarfe nawa ka sha ta. A wannan "ƙarfe nawa" ne rangwamen yake, kuma ba ya zuwa sai ka yi lissafi, ka zaɓi tsarin farashin da ya dace da gidanka, ka matsar da wasu ayyuka daga wani lokaci zuwa wani. Wanda ya shiga ba lissafi yana iya biyan fiye da da, kuma irin wannan asarar ce nake so ka kauce mata.

Ba kowane kamfanin wuta ke da farashi mai bin lokaci ba. In naku bai kawo ba tukuna, matakai biyu na farko za su amfane ka duk da haka.

Dalilin da wuta ke tsada da magariba, take araha da tsakar dare

Wutar lantarki ta bambanta da sauran haja. Yawancinta a daidai lokacin da aka samar da ita ake shanye ta, domin adana ta da yawa yana da tsada. Dole tashoshi su riƙa bin buƙatar jama'a sau da ƙafa. Da tsakar dare mutane na barci, ofisoshi a rufe, tashoshin da suka fi arahar gudanarwa sun wadatar, injinan iska ma suna ta juyawa ko da mai saye ko babu. Da yamma kuwa kowa ya dawo gida, an kunna fitilu, an ɗora girki, na'urorin sanyaya ɗaki ko na ɗumama shi suna aiki, sai an tayar da tashoshi masu tsada, galibi na gas. Wayoyi da taransifoma ma an gina su ne don su iya ɗaukar nauyin waɗannan 'yan awannin. Shi ya sa kamfani ke murna ya rage maka farashi in ka yarda ka kauce wa lokacin rububi ka koma lokacin rangwame.

Dabarar ta daɗe. Birtaniya ta fara tsarin Economy 7 a 1978, awa bakwai na wuta mai araha da dare. Faransa tana ba da awa takwas a yini. A wancan zamanin mita mai fuska biyu da agogo ake amfani da ita. Mai wayo ta zo ta sa farashi yana iya canzawa sau da yawa a yini ba tare da wani ya zo ya taɓa ta ba. Kamfanin Enel na Italiya ne ya fara ɗaura irinta gida-gida daga 2001, har kusan miliyan 30.

Kada ka ɗauka lokacin rangwame dare ne kullum. Inda faifan sola ya yi yawa, tsakar rana ta zama lokacin da wuta ke yalwa. A Kalifoniya tsadar tana tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 9 na dare a yawancin tsare-tsaren gidaje. Faransa ma daga Nuwamban 2025 ta fara mayar da wasu daga cikin awanninta na rangwame zuwa rana. Abin da ke rubuce a yarjejeniyarka shi ne abin bi.

Mataki na farko: san irin mitar da ke jikin bangonka

Abu uku ke sa a kira mita mai wayo: agogo a cikinta, wurin ajiye karatu na kowane minti 15 ko 30 ko awa guda, da hanyar aika karatun ga kamfani. Wasu ta layin wayar salula suke aikawa, wasu ta rediyo, wasu kuma ta cikin wayar wutar kanta, kamar mitar Linky ta Faransa. Mita mai kati, wadda ake sayen yunit a loda mata, ba lallai ne ta zama mai wayo ba. Wata tana da agogo da sadarwa, wata kuwa ragewa kawai take yi har yunit ya ƙare.

Je gaban mitar ka danna maɓallinta a hankali, ka ga abin da fuskarta ke nunawa. In ka ga T1 da T2, ko R1 da R2, tana raba ƙirga gida biyu. Wasu lambobi suke nunawa: 1.8.0 jimillar abin da ka sha, 1.8.1 da 1.8.2 kashi na ɗaya da na biyu, 2.8.0 kuma abin da gidanka ya mayar wa layi in kana da sola. Kada ka yi zaton T1 rana ce, T2 dare. Kamfanoni sun sha bamban a kan haka, sai ka tambaya.

Sannan ka kira kamfani ka yi tambaya guda: shin mitata tana aiko muku da karatu? Akwai mitoci masu wayo da sadarwarsu ta yanke, suna nan jikin bango kamar kowace tsohuwar mita. Alamar ita ce takardar kuɗinka tana cewa ƙiyasi aka yi. Sai an gyara wannan kafin a yi maganar wani sabon farashi. In kuma haya kake, mita ɗaya ce ta gidan duka ana raba muku kuɗi, rangwamen ba zai iso gare ka kai kaɗai ba, sai kun haɗa kai da mai gidan da sauran 'yan haya.

Kafin ka bar wurin, duba wata 'yar jar fitila da ke ƙyaftawa. Kusa da ita za ka ga rubutu irin 1000 imp/kWh, ma'ana ƙyaftawa dubu yunit ɗaya ne. Ƙirga daƙiƙa nawa ke tsakanin ƙyaftawa biyu, ka raba 3600 da wannan adadi, amsar ita ce wat nawa gidanka ke ja a daidai wannan lokaci. Daƙiƙa 36 wat 100 ne. Daƙiƙa 3.6 kilowat guda ne. Sa wani ya kunna butar lantarki kana tsaye, za ka ga fitilar ta koma ƙyaftawa kusan kowace daƙiƙa ɗaya da rabi. Gani ya kori ji. In lambar da ke jikin taka mitar daban ce, misali 2000, sai ka raba amsar biyu.

Mataki na biyu: mako biyu kana kallo, kada ka canza komai

Yunit ɗaya, wato kWh ɗaya, shi ne abin da na'ura mai kilowat guda ke sha cikin awa guda. Abin da kake nema a wannan mataki lamba ɗaya ce: cikin kowane yunit ɗari da gidanka ke sha, nawa ne ke faɗawa cikin awannin rangwame?

In kamfaninka yana da manhaja ko shafin intanet da ke nuna shan wuta awa-awa, aikin ya zo da sauƙi. Wasu kamfanoni ma suna ba da ƙaramin allo na ajiyewa a ɗaki. In babu ko ɗaya, littafi da biro sun isa. Rubuta karatun mita a farkon lokacin rangwamen da ake tallatawa, ka sake rubutawa a ƙarshensa, kullum har kwana 14. Haɗa na dare wuri guda, ka raba da jimillar kwanakin duka.

Ku ci gaba da rayuwa yadda kuka saba. Da zarar mutanen gida sun san ana awo sukan fara kashe fitilu, lissafin ya ɓaci. Ka kuma tuna cewa mako biyu na lokacin zafi ba ɗaya suke da na lokacin sanyi ba. In kana da takardun kuɗin shekara guda, shimfiɗa su ka ga watannin da suka fi cin wuta, domin su ne za su yanke hukunci.

A cikin wannan kallon za ka gano wani abu da bai shafi farashin dare ba, amma yana da tsoka. Duba abin da gida ke ja da ƙarfe 3 na dare, lokacin da kowa ke barci: firji, na'urar intanet, talabijin da aka kashe da rimot amma tana jone, caja da aka manta a soket. Wat 100 da ba sa yankewa yunit 2.4 ne a yini, 876 a shekara. Rage wannan riba ce a kowane irin farashi.

Mataki na uku: lissafin da ke raba gardama

Nan ne mutane suka fi yin cinikin biri a sama. Talla takan nuna farashin dare da manyan lambobi, ta ɓoye na rana a ƙasa. Kusan kullum wanda ya rage maka da dare ya ƙara maka da rana. Tambayar ita ce, kashi nawa na wutarka dole ya koma dare kafin ragin ya cinye ƙarin?

Ɗauki lambobi uku: farashin bai-ɗaya da kake biya yanzu, farashin rana na sabon tsari, da farashinsa na dare. Cire farashin bai-ɗaya daga na rana. Cire na dare daga na rana. Raba amsar farko da ta biyu. Abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin kason da dole ka sha da dare.

Bari mu gwada da lambobin misali, ba na wani kamfani ba. A ce bai-ɗaya 100 ne kowane yunit, sabon tsari kuma rana 120, dare 50. 120 a cire 100 saura 20. 120 a cire 50 saura 70. 20 a raba da 70 ya ba da kusan kashi 29 cikin ɗari.

Yanzu ɗauki gida mai shan yunit 300 a wata. A farashin bai-ɗaya kuɗinsa 30,000. In kashi 20 ne kawai yake sha da dare, wato yunit 60, zai biya 3,000 na dare da 28,800 na rana, jimilla 31,800. Ya yi asarar 1,800 kowane wata alhali yana ganin yana kan tsarin rangwame. In ya kai kashi 40, yunit 120, zai biya 6,000 da 21,600, jimilla 27,600, ya tsira da 2,400. Iyakar da ke tsakanin asara da riba a wannan gida tana wajen yunit 86.

Kada ka tsaya a iyakar. In lissafinka ya nuna da ƙyar za ka taɓa ta, ni shawarata ka zauna inda kake. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, ga takura iyali a banza. Ka nemi tazara ta aƙalla kashi 10 sama da iyakar, domin akwai makon baƙi, akwai na rashin lafiya, akwai ranar da za a manta.

Saura abu biyu da za ka saka a lissafi. Na ɗaya, kuɗin da ake caja kullum ko kowane wata ko ka sha wuta ko ba ka sha ba. In na sabon tsari ya fi, ƙara bambancin a kan kuɗinka. Na biyu, in wuta ba ta tsayawa a inda kake, duba littafinka ka ga dare nawa cikin 14 aka samu wuta a awannin rangwame. Arahar da babu wutar da za a saya a lokacinta ba ta da amfani.

Mataki na huɗu: irin tsarin da za ka zaɓa

Mafi sauƙi shi ne mai farashi biyu, rana da dare, awanninsa ba sa canzawa. Shi nake ba yawancin gidaje shawara, domin ko yaro zai iya riƙe lokutansa.

Akwai mai farashi uku. A Sifaniya, tun Yunin 2021, ranakun aiki sun kasu haka: tsada daga 10 na safe zuwa 2 na rana da kuma 6 na yamma zuwa 10 na dare, araha daga 12 na dare zuwa 8 na safe, sauran awannin matsakaici, Asabar da Lahadi kuma duka araha ne. Ka ga a irin wannan tsari ba sai ka tashi da dare ba, mayar da wanki da guga ƙarshen mako ya wadatar. Lardin Ontariyo na Kanada ya ƙaro wani a 2023 mai araha ƙwarai daga 11 na dare zuwa 7 na safe, amma farashinsa na yamma ya fi na sauran tsare-tsaren lardin zafi. Masu motar lantarki aka yi wa shi.

Akwai mai bin ranaku, kamar Tempo na Faransa: shekara ta kasu shuɗayen ranaku 300, farare 43, jajaye 22. Jajayen a lokacin sanyi suke faɗowa, kuma wutar rana a cikinsu tana da tsada sosai. Wanda ke da wata hanyar ɗumama gida zai ci riba, wanda ba shi da ita zai ji a jikinsa.

Na ƙarshe shi ne mai bin kasuwa, kamar Agile na kamfanin Octopus a Birtaniya, inda farashi ke canzawa kowane rabin awa, ana sanar da na gobe tun yau. Wani lokaci yakan faɗi ƙasa da sifili, wani lokaci ya yi tashin gwauron zabi. Wannan na mai batir ne da na'urori masu kunna kansu, da kuma mai juriyar duba waya kullum. In albashinka a ƙirge yake, ba ka da wurin ɗaukar watan da ya zo da ba-zata, bar shi.

Kowanne ka zaɓa, nemi amsar waɗannan a rubuce: ainihin awannin rangwame na mitarka, ko ƙarshen mako yana ciki, tsawon lokacin da farashin zai tsaya, da ko akwai tara in ka fasa. A ƙasashen da ake tura agogo gaba da awa guda lokacin bazara, wasu mitoci ba sa bin canjin. Da yawa daga cikin na Economy 7 haka suke, sai rangwamen ya koma farawa awa guda a makare bisa agogon bango.

Mataki na biyar: abin da ya cancanci a matsar

Ƙa'idar gajera ce: duk abin da ke dafa ruwa, ko ɗumama ɗaki, ko sanyaya shi, ko cika babban batir, shi ne mai cin wuta. Sauran tarkace ne.

Tankin ruwan zafi ne sarkinsu, domin shi kansa ma'ajiya ce. Ɗaga zafin lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin yunit 4.65, kuma hita mai kilowat 3 za ta gama cikin kusan awa ɗaya da rabi. A farashinmu na misali, bambancin 70 a kowane yunit ya zama kusan 325 a yini. A wata kuwa yunit 140 ne suka koma dare, sun haye iyakar 86 ɗin nan su kaɗai. Gidan da ke da irin wannan tanki ya riga ya yi rabin tafiya. Kwatanta da cajin waya: batirinta wajen wat-awa 15 zuwa 20 ne, wato kusan kashi 2 cikin ɗari na yunit guda, ribar jira har dare wajen 1 ce kawai. Na sha ganin mutum yana hana yara cajin waya da rana, alhali hitarsa tana ci tun safe.

Sai dai tankin yana son kulawa uku. A naɗe shi da abin hana zafi fita, shi da bututun da ke fitowa daga cikinsa, in ba haka ba ruwan da aka dafa da asuba zai huce kafin yamma, a sake kunnawa a lokacin tsada. Girmansa ya ishi gidan yini guda. Kuma kada garin tsimi ka rage zafinsa ƙasa da digiri 60. Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi tsakanin digiri 20 da 45, tana kawo ciwon huhu mai tsanani. Garin neman gira kada a rasa ido.

Motar lantarki ta fi tanki ma. Tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowace kilomita 100, kuma cajar gida mai kilowat 7 tana zuba yunit 40 cikin kusan awa shida. Kusan kowace mota tana da wurin saita lokacin fara caji. Saita sau ɗaya, ka manta.

Injin wanki da na wanke kwanuka kowanne yana cin wajen yunit guda a zagaye, yawanci wajen ɗumama ruwa, kuma da yawa suna da maɓallin jinkirta farawa. Injin busar da kaya ya fi su ci nesa ba kusa ba. Injin jan ruwa zuwa tankin sama shi ma ba ruwansa da ƙarfe nawa ne, muddin akwai abin da zai kashe shi in tanki ya cika. Guga a tara ta a yi sau ɗaya.

Na'urar sanyaya ɗaki tana da dabararta. Kunna ta awa ɗaya ko biyu kafin lokacin tsada, a rufe ƙofofi a saki labule, bango da ƙasa su ɗauki sanyi, sannan a sassauta ta idan tsada ta shigo. A wuraren sanyi akwai hita mai tubali a ciki, tana ɗaukar zafi da dare tana sakin sa da rana.

Firji da firiza kuwa kada ka taɓa su. Kashe firji da rana don jiran dare hanyar lalata abinci ce. Fitilu ma haka: ƙwai mai wat 9 sai ya yi awa 111 kafin ya ci yunit guda. Girkin yamma, karatun yara, na'urar numfashi ta mara lafiya, waɗannan ba abin ciniki ba ne. Tsarin da sai an ƙuntata wa mutanen gida zai biya, bai dace da gidan ba.

Mai batir da inbata yana iya cika shi da dare ya sha da yamma. A nan ma sai da lissafi. Batirin litiyam yana zubar da kusan kashi 10 tsakanin shiga da fita, na dalma ya fi haka. Yunit ɗin da ka saya 50 zai fito a kusan 56, ka kauce wa 120, ribar 64. Batir mai ba da yunit 5 zai kawo 320 a yini. Amma kowane cikawa da juyewa yana rage masa kwana. Raba kuɗin batirin da yawan zagayen da mai ƙera shi ya yi alkawari, ka sake rabawa da yunit ɗin da yake bayarwa, ka cire amsar daga 64. In ba abin da ya rage, bar batirin ya zauna don ranar ɗauke wuta.

Mataki na shida: bar na'ura ta tuna maka

Duk tsarin da ya dogara da wani ya farka ƙarfe ɗaya na dare ba zai kai wata guda ba. Yi amfani da agogon da ke jikin na'urorin, ko ka sayi soket mai agogo. Duba ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Mai amfiya 13 a wutar bolt 230 iyakarsa kusan kilowat 3, kuma jan wannan nauyi awanni a jere yana gasa soket mai arha. Hitar ruwa da cajar mota aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ya ja masu layinsu ya sa makunni mai ɗaukar nauyi. Wasu mitoci suna da wata 'yar hanya da ke ba wannan makunni umarni da zarar rangwame ya fara, sai hitar ta riƙa bin agogon mitar kai tsaye. In taka tana da ita, ta fi kowane agogon da za ka saya.

Kada ka tara komai a minti ɗaya. Mota, hita da injin wanki in suka tashi tare suna iya wuce ƙarfin da aka ba gidan, babban makunni ya faɗi, ko mitar da kanta ta yanke. Jera su: mota a farkon dare, hita a awa biyu na ƙarshe don ruwa ya yini da zafinsa, wanki ya ƙare daidai tashin mutane.

Maganar gobara ba ta wasa ba ce. Masu kashe gobara suna gargaɗi kan barin injin busar da kaya yana aiki mutane na barci, saboda auduga da ke taruwa a matatarsa tana kamawa. Shi kam a yi amfani da shi ido biyu, a gefen farko ko na ƙarshe na lokacin rangwame. Batirin keke ko babur na lantarki kada a caja shi a hanyar fita, ko da cajar da ba tasa ba. A sa ƙararrawar hayaƙi kusa da inda injinan suke, a riƙa gwada ta. In bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ka tuna ƙarar injin wanki lokacin matsa da ƙarfe biyu na dare tana ratsa bango.

Mataki na bakwai: daren farko, da takardar farko

Daren da sabon tsari ya fara, tsaya gaban mitar da tocila minti biyar kafin lokacin. Za ka ga wata 'yar alama ko kibiya ta tashi daga wannan kashi ta koma wancan. Duba agogonka, ka rubuta. Ɗauki hoton karatun kashi biyun, ka sake ɗauka da safe. Wanda ya motsa cikin dare shi ne na rangwame.

Hotunan nan sun taɓa cetona. Takardarmu ta farko ta zo da kuɗin da ya fi na da, alhali mota ba mu da ita amma hita da wanki duk sun koma dare. Na zauna da takardar da hotunan, sai na ga an juya lambobin: yunit ɗin dare an caje su a farashin rana, na rana a farashin dare. Na aika hotuna biyu masu kwanan wata da lokaci, aka gyara, aka mayar da bambancin a takarda ta gaba. Da ban ɗauka ba, da sai dai in ce, su ce.

A wannan lokaci ne kuma za ka yanke shawara kan bayananka. Karatun kowane rabin awa yana nuna lokacin da kuke tashi, da lokacin da gida ba kowa. Saboda wannan damuwa majalisar dattawan Holan ta ƙi amincewa da tilasta wa jama'a mita mai wayo a 2009. Farashi mai bin lokaci ba zai yiwu ba sai kamfani ya ga karatun, amma kana iya ƙin yarda a yi amfani da shi don talla ko a miƙa wa wasu. Duba wannan a saitin asusunka, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi.

Bayan wata uku, ɗauki jimillar yunit ɗin da ka sha, ka ninka da farashin bai-ɗaya na wannan lokacin, ka ajiye kusa da abin da ka biya a zahiri. Maimaita haka idan yanayi ya juya, da duk lokacin da kamfani ya aiko da sanarwar sabon farashi, domin ƙarin 10 a farashin rana kaɗai yana ɗaga iyakar misalinmu daga kashi 29 zuwa kusan 38. Haka in wani ya fara aiki daga gida, ko an samu jariri, ko an sayar da motar. In sau biyu a jere lissafi ya nuna bai-ɗaya ya fi araha, duba ranar da tarar fasawa ke ƙarewa a yarjejeniyarka, ka kira su a makon, ka ɗauki hoton kashi biyun na mitar a ranar da za a mayar da kai.